Ɗaki Mai Bango Uku a Boa Vista

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Yau na kashe wa ɗalibaina sauti, na nuna musu minti uku kacal na wani tsohon fim mai baƙi da fari. Kicin ne, babu kowa a ciki. Na tsayar da majigi na ce, "To, wa ke zaune a gidan nan?"

Su goma sha ɗaya ne a ajin. Sai Cauã, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Wanda ya tsani wanke-wanke, Malama." Aka kwashe da dariya. Can daga baya Itamara ta ɗaga hannu. Ita ce babbarsu, shekararta talatin da huɗu, da safe tana aiki a shagon kujeru kafin ta zo aji. Ta ce, "Mace ce, kuma ba ta daɗe da zama ita kaɗai ba. Kujeru biyu ne a tebur, amma an tura ɗaya jikin bango an ɗora mata kwandon albasa."

Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Ban nuna ba. Na ce, "Ba laifi."

Wata uku da suka wuce, waɗannan ne suka zo min da hotuna a waya, kowa da ɗakin da yake mafarki: farin bango, kujera mai launin toka, tukunyar shuka ɗaya a kusurwa. Mutum goma sha ɗaya, ɗaki ɗaya. Na tambaye su ina mai ɗakin ke ajiye takalmi in ya shigo da ruwan saman garinmu Recife a ƙafa.

Shekara ashirin da takwas na yi ina shirya wa masu fim ɗakuna. Ba ni da digiri. Shekara bakwai ke nan ina koyar da tsara cikin gida a makarantar nan ta unguwar Boa Vista da majigi ɗaya, kuma ba a taɓa yin barci a ajina ba.

Kwan majigin ya dusashe. Na faɗa wa ofis sau biyu.

Ƙanwata Genilda ta tuna min da Alhamis. Na ce na ji.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Mun je asibiti. Mun dawo. An wuni ana ruwa.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Genilda ta turara dambun masara ta soya ƙwai, sannan ta tsaya a kaina kamar 'yar sanda sai da na ɗiga abin nan yadda aka ce.

"Zu, yaushe za ki faɗa musu a makaranta?"

"Me zan faɗa musu?"

"Au, haka za mu yi?"

"Haka za mu yi. Miƙo min kofi."

Ashe yana gabana. Ta turo shi har ya taɓa hannuna, ba ta ce uffan ba. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Farfesa Aderbal, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, ba zan ci masa mutunci ko a littafina ba. Ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min sabon abin da suke yayi: ka rubuta mata irin ɗakin da kake so, kafin ka kurɓi kofi ta zana maka goma.

Ya ce, "Dona Zuleide, wannan kamfanoni ke nema yanzu. Yaran nan aiki za su nema in sun fita. Ana so a ba wa wannan darasin awoyinki daga zango mai zuwa."

Na ce, "Wa ke so?"

"Ba ni kaɗai ba ne. Kwamitin mutum uku zai zo ranar sha huɗu ga Yuni ya ga aikin ƙarshe na ajinki. Su za su yanke."

Ya dinga wuce hotunan yana cewa in duba wannan, in duba wancan. Na ce masa duk iri ɗaya ne. Gaskiya na faɗa, ko da ban duba sosai ba. Na ce, "Farfesa, a cikin ɗakunan nan wanne aka taɓa yin faɗa a ciki? Wanne aka yi jinya?" Ya yi murmushi ya ce ni dai ba a cin gardama da ni.

Har na kai ƙofa ya ce, "Af, mai gyara ya ce sabon kwai ya saka wa majiginki a watan jiya."

Na ce a sake dubawa.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa ɗalibai komai game da kwamiti, sannan na ba su aikin ƙarshe. Ɗaki ɗaya za su gina su duka, mai bango uku kamar na fim, a rumfar kafintoci da ke bayan makaranta. Su ƙirƙiro mutumin da ke zaune a ciki, kada su faɗa wa kowa ko wane ne, har ni. Babu takardar bayani. 'Yan kwamiti su shiga su duba, su faɗi da bakinsu wa ke da ɗakin.

Na ce, "In sun gane, mun ci. In ba su gane ba, Farfesa Aderbal ya fi ni gaskiya, ni da kaina zan kwashe fina-finaina in tafi."

Cauã ya ce, "Malama, in mun faɗi za ki bar mana majigin? Ina da bango a gida."

Na ce ya fara koyon auna bango tukuna.

Ina son yaran nan. Ba zan faɗa musu ba, kansu zai kumbura.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Cauã ya kawo allon launuka na wani aikin daban. Na ɗaga shi na ce, "Shuɗin nan ya yi nauyi, zai danne ɗakin." Wata ta yi tari. Sai Itamara ta ce, "Hasken ajin nan ne, Malama. Ni ma daga nan shuɗi nake ganin koren."

Ƙarya ta yi, kuma ta iya.

Na ƙi shiga bas, na tako da ƙafa ta kan gada. Na san gadar nan tun ina 'yar shekara shida, ba sai an nuna min ita ba.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Babu abin da ya same ni. Gajiya ce.

Asabar, 25 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Na tashi na tarar Genilda ta manna tef mai ruwan ɗorawa a bakin matakalar baranda. Na ɓamɓare shi. Ta sake mannawa. Na sake ɓamɓarewa. Ta ce, "Girman kanki ne zai karya miki ƙugu, ba matakala ba." Na ce gidan nan ni na tsara shi, ba za a mayar min da shi tashar mota ba. Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa da ƙarfi.

Na zauna a baranda ina tuna wani ɗakin tela da na shirya wa wani fim a garin Olinda, shekaru da yawa. Sati biyu na yi ina bin kasuwa ina neman keken ɗinki wanda fentinsa ya goge daidai inda hannu ke dafawa. Da aka nuna fim ɗin, wata tsohuwa a gabana ta fashe da kuka tun kafin ɗan wasan ya shigo. Ta ce ɗakin babanta ne. Ni na yi wannan. Da idona na zaɓi kowane zare da ke ɗakin.

Da idona.

Talata, 28 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Sun hana ni shiga rumfa, kamar yadda ni na ce su yi. Sun rataya buhu a ƙofa, sai ƙarar zarto da guduma nake ji.

A aji kuma Cauã ya tsiro da wata sabuwar ɗabi'a. Da na kunna fim sai ya fara faɗin abin da ke kan allo da ƙarfi: "Ga taga a hagu, jama'a, labulen ya yage a ƙasa, ga agogo a tsaye a ƙarfe huɗu." Na ce me ke damunsa. Ya ce aikin rediyo yake koyo, ko da tsara gida bai karɓe shi ba. Sauran ma suka fara taya shi, wannan ta ƙara kaza, wancan ya gyara kaza.

Na ƙyale su. Darasin ya fi tafiya da sauri haka, shi ya sa.

Alhamis, 30 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Mun sake zuwa. Likitan ido ya faɗi adadin watannin da suka rage wa idon. Ban riƙe ba. Genilda ta riƙe.

Lahadi, 2 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Littafin nan yana saurin cika. Rubutuna ya fara cin wuri.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Da tsakar rana sun fita cin abinci, na ɗaga buhun na shiga. Na karya dokar da ni na kafa, na sani.

Ɗakin zama ne, ƙarami. Bangon launin ƙasa ne mai ɗumi, amma sun zagaye ƙofa da taga da katako mai duhu, bakin kowane abu ya fito sarai. Babu fitila a tsakiyar rufi. Sun sa hasken ƙasa-ƙasa, daga gefe yake zuwa, ba ya dukan fuska. Babu darduma ko ɗaya. A jikin bango sun bi da siririn katako mai santsi daidai tsayin ƙugu, kamar ado, daga ƙofa har kujera. Hannuna ya kama shi tun kafin in san me yake yi. Kowane aljihun tebur da irin mariƙinsa: wannan igiya, wannan ƙarfe mai sanyi, wannan fata. A kan kanta an jera fayafayan fina-finai, an rubuta sunayen da manyan baƙaƙe.

A gefen hagu na kujera, ɗan tebur mai baki a ɗage don kada kofi ya zame, da fulas a kai. A hagu. Ni kaɗai ce a makarantar nan ke ajiye fulas a hagu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Muryar Itamara na ji a bayana.

"Malama, ai kin ce ba za ki shigo ba."

Na ce, "Wa ya ba ku izini?"

"Ke kika ce mu ƙirƙiro mutum."

"Wannan ƙirƙira ce? Wa ya faɗa muku? Genilda?"

"Ba wanda ya faɗa mana komai." Ba ta ja da baya ba. "Wata huɗu kina koya mana mu kalli inda mutum ke dafawa, da inda yake ajiye kaya, da abin da ya daina taɓawa. Kin daina rubutu a allo tun Afrilu. Kina shafa bakin tebur kafin ki zauna. Me kike so mu yi, mu ƙi gani?"

Na ce mata abubuwan da ba zan rubuta ba. Na ce ba ni na roƙe su tausayi ba. Na fita, kafaɗata ta bugi ƙofar rumfa. Ta ɗakinsu kuwa ban buge ta ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Ban je makaranta ba.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na ba Genilda labari tana ɓare masara, don bikin São João, wanda ake yi da masara, ya matso, gidan duk ƙamshi. Na ɗauka za ta ce ai ta faɗa min. Sai ta ce, "Ɗakin ya yi kyau?"

Na ce ba wannan ake magana ba.

"Zu, tambaya na yi. Ya yi kyau?"

Na ce shi ne aiki mafi kyau da aka taɓa yi a ajina.

Ga inda matsalar take. In ɗakin ya yi aikinsa, kwamiti zai karanta shi, kuma Aderbal ba wawa ba ne, zai juyo ya kalle ni. Wa zai bar darasin kallon hoto a hannun mace irin mai ɗakin nan? In kuma na sa su rushe, kwana shida ba za su isa a gina wani abin kirki ba, kuma na kashe musu aikin da ya fi kowanne don in rufa wa kaina asiri.

Genilda ta ce, "To me za ki yi?"

Na ce ta ci gaba da ɓare masararta.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na shiga rumfa ƙarfe biyu daidai. Suna tsaitsaye kamar masu jiran hukunci.

Na ce, "Ɗakin nan yana da kuskure babba." Babu wanda ya motsa. "Kun gina wa mara lafiya ɗaki. Komai a nan don kada ta faɗi ne. Matar nan ba ta mutu ba. Ina madubinta? Ina jan-bakinta? In baƙo ya zo a ina zai zauna, ko kun yanke mata cewa ba mai zuwa?"

Wata ta ce a hankali, "Mun ɗauka madubi zai ɓata mata rai."

Na ce, "Zai ɓata. Ku rataya shi duk da haka. Ba za ta yarda a sauke shi ba."

Sai wurin ya kacame. Aka ruga neman kujera ta biyu. Cauã ya ce matar tana buƙatar rediyo mai ƙara, don maƙwabta su san tana nan. Na ce wannan ce magana ta farko mai hankali da ya yi a zangon nan. Ya dafe ƙirji ya ce a rubuta ranar.

Da za mu tashi na riƙe hannun Itamara na ce maganganun ranar Laraba ba nata ba ne. Ta ce ta sani. Ta ce gobe za ta kawo jan-baki. Na ce a'a, ni zan kawo, ba ta san launin ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

'Yan kwamiti sun zo ƙarfe goma, su uku, Aderbal na huɗunsu. Maza biyu, sai wata mai zanen gine-gine, Dona Eneida, dattijuwa mai sanda wadda ba ta ɓata baki a gaisuwa. Mazan suka leƙa, ɗaya ya tambayi ina zanen kwamfuta na aikin. Cauã ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ana shiga ne."

Dona Eneida ta shiga. Ta daɗe. Na ji ta ja aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya, na ji ta zauna a kujera, ta kunna rediyon ta kashe. Sannan ta yi magana daga ciki, kamar mai karanta wasiƙa.

Ta ce mace ce, ta haura sittin. Ta yi rayuwarta da fina-finai. Bahaguwa ce. Tana karɓar baƙi amma ba ta son a taimaka mata, shi ya sa aka ɓoye mata abin dafawa a cikin ado. Ta ce, "Kuma tana cikin" sai ta faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta ba. Ta ce, "Amma ba ta sallama ba. Ga jan-baki a gaban madubi, an bar murfin a buɗe."

Ɗaya daga cikin mazan ya tambayi ɗalibai ko haka ne. Goma sha ɗaya, ba wanda ya ko juyo inda nake. Za su bar makinsu ya tafi a kan su nuna ni.

Na ce, "Haka ne. Ɗakina ne. Ban faɗa musu ba, su suka gani. Abin da nake koyarwa ke nan."

Ban san yadda fuskar Aderbal ta yi ba. Dona Eneida ta fito, ta tsaya a gabana, ta ce, "Wa ya yi tunanin katakon bangon nan?" Na ce Itamara Bezerra, ta riƙe sunan. Ta ce ta riƙe.

Na dawo gida na ci masara uku.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Aderbal bai kira ni ofis ba, shi ya zo ajina bayan an tashi. Ya ce darasin zai ci gaba. Na kwamfutar ma za a yi, an samo masa wasu awoyin. Sai ya yi ta kewaye-kewaye a kan zango mai zuwa, da ko zan so wani ya riƙa taya ni.

Na sauƙaƙa masa. Na faɗa masa adadin watannin, don na tambayi Genilda jiya, yanzu na riƙe. Na ce zan koyar har ranar da na ga ba zan iya ba, kuma ni zan faɗi ranar, ba shi ba. Na ce Itamara za ta tsaya a gefen majigi, a rubuta sunanta a takarda a matsayin mai koyarwa, ba mai riƙe min jaka ba. Ya ce zai kai maganar sama. Na ce ya kai ta da ƙarfi.

Ya miƙe, amma bai tafi ba. Ya ce, "Dona Zuleide, mahaifiyata ta faɗi sau biyu a ɗakinta a watan nan. Ni na sake mata ɗakin bara. Kowa ya ce ya yi kyau. Ko ɗalibanki za su iya zuwa su duba?"

Na ce za su iya. Amma sai ya fara zuwa aji ranar Talata ƙarfe biyu, ya zauna a baya tare da kowa, ya bar wayarsa a ofis.

Ya ce, "Da me zan zo?"

Na ce ya zo da abin da mahaifiyarsa ta fi taɓawa a ɗakin. Ya daɗe yana tunani. Sannan ya ce bai sani ba, amma zai je gidanta yau ya zauna ya gani.